Hukuncin yunƙurin fashi a kan hanya a tsohuwar Ingila

Malam Sani: Jama'a, ina neman ƙarin haske. Idan mutum ya tare matafiyi da makami a kan hanya a Ingila ta ƙarni na 18, amma bai samu ya ƙwace komai ba, shin rataye shi ake yi ko kuwa korarsa ake yi daga ƙasa?

Hajiya Binta: Malam Sani, fashin da aka kammala hukuncinsa rataya ne, ko da yake sau da yawa ana sassauta shi. Shi kuwa wanda ya kai hari da makami da niyyar fashi, hukuncinsa kora ce zuwa ƙetare ta shekara bakwai. Da farko Amurka ake kai su, amma bayan yaƙin neman 'yancinta sai aka karkata zuwa Ostareliya, inda aka kai fursunoni kimanin 162,000 tsakanin 1788 da 1868.

Alhaji Garba: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ga misalin Mary Bryant, wadda aka yanke wa hukuncin kisa a birnin Exeter na Ingila a 1786 saboda fashi a kan hanya, aka mayar da shi korar shekara bakwai. A 1791 ta tsere daga Sydney da ke Ostareliya, inda aka kai ta, cikin kwale-kwale har tsibirin Timor, tafiyar da, a ganina, ta fi hukuncin kansa hatsari.