Neman shawara: tsofaffin kaset na makaɗan fada, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya bar kwali guda na kaset, galibi waƙoƙin fada ne, wasu rubutun jikinsu ya goge. Ina so in juye su a kwamfuta kafin su lalace, in kuma san makaɗin da ke cikin kowanne. Wanda na gwada, muryar rawa take yi. A taimaka da shawara.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙara sa ko ɗaya a rikodar nan sai an duba ta. Rawar murya yawanci ba laifin kaset ba ne. Bel ne ya saki, ko tayar robar da ke matse zare ta ƙandare. Zaren yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, da gudun ya fara hawa da sauka sai murya ta kaɗa. A canja bel, a goge kan rikodar (ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zare) da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit mai ƙarfi, a bari ya bushe, sannan a gwada da kaset ɗin da ba a so.

Su kuma kaset ɗin, fara ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na sama, don ko an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba abin da zai goge. Duba ɗan soson da ke bayan zare: in ya faɗi, sauti zai dushe, sai a ciro na wani a manna. Juya zaren da biro daga farko har ƙarshe kafin a kunna, ya saki. Mai lamba C120 a lallaɓa shi, zarensa siriri ne, shi rikoda ta fi cinyewa. Wanda ya yi fumfuna a ware shi daban.

Amsa ta 2: Ban da ɗora wayar salula a bakin lasifika, don Allah. Jona kebul daga mafitar sautin rikoda zuwa ƙaramar na'urar sauti ta USB, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Zaɓi nau'in fayil na WAV, 44.1 kHz, 16 bit ko sama, ka daidaita ƙarfi yadda kiɗa mafi tsanani ba zai wuce -6 dB a ma'aunin manhajar ba. In sautin ya fito a shaƙe, akwai ɗan noti a gefen kan rikodar, murɗa shi kaɗan-kaɗan kana sauraro har ya washe. Kowane kaset da saitinsa. Kada ka cika tace shuu ɗin nan, yana tafiya da zaƙin kotso. Ajiye na asali wuri biyu ba tare da taɓawa ba, MP3 na rabawa ne kawai.

Amsa ta 3: Ɗan'uwa, batun gane makaɗi, abu uku za ka sa wa kunne.

Na farko kayan kiɗa. In kotso ne, kana wajen su Narambaɗa, Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Taushi ya kai ka ga Salihu Jankiɗi ko Sarkin Taushin Katsina. Kalangu da amshi gajere mai maimaituwa, fara zargin Shata. Kuntigi da murya ɗaya tilo ba 'yan amshi, Ɗan Maraya Jos ne.

Matsalar tana cikin masu kotso, domin duka ukun Sakkwatanci suke yi, kuma 'yan amshinsu kan karɓe ɗan waƙa su ƙarasa, har ka rasa muryar jagora. To nan sai ka koma ga abu na biyu, wato wanda ake wasawa. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Ɗanƙwairo daga fadar Maradun ya fito amma ya zaga fadoji da yawa. Sunan basaraken kuma yana ba ka zamani: Ado Bayero ya hau gadon Kano a 1963, Sardauna ya rasu a Janairun 1966, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988.

Na uku, kada ka yarda da rubutun jikin kaset ɗari bisa ɗari. Masu shagon juyi kan cike sauran zare da waƙar wani makaɗi. Kuma kamfanin Philips sai a 1963 ya fito da kaset, Narambaɗa kuwa a farkon shekarun 1960 ya rasu, don haka duk wani kaset nasa juyi ne daga faifai ko ɗaukar gidan rediyo. Irin wannan juyin kan ƙara gudu, muryar dattijo ta koma siririya. Ɗanƙwairo ya kai 1991, Shata 1999, su kam akwai ɗaukar da aka yi kai tsaye a wurin biki, kuma ita ce mai daraja, don ba lallai wani yana da irinta ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Waɗanda na kasa ganewa fa?

Amsa ta 4: Ba kowane kaset lamba, ka ɗauki hoton gaba da bayansa, ka rubuta amshin kowace waƙa a littafi. Yanki minti ɗaya daga farkonta ka kai wa dattawan masarautar da aka ambata, ko malaman sashen Hausa na jami'o'in Sakkwato, Kano da Zariya. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, saƙon murya yana matse sauti.