An gwada min gudda, in fara magani ko in dakata?

Maman Hanan, Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan babbar Sallah nake fama da kasala, gashi na zubewa, ga jin sanyi cikin zafin nan. An gwada gudda, wato thyroid da ke gaban wuya, TSH (sinadarin jini da ke hawa in gudda ta yi rauni) ya fito 7.8 amma T4 (sinadarin da gudda ke fitarwa) lafiya lau. Likita ta ce ko in fara ƙwayar maganin gudda, Euthyrox 50, ko in dakata wata uku a sake gwaji. Kuma haihuwa muke nema. Wa ta taɓa shiga irin wannan?

Ummu Faisal: Habbatus sauda da zuma kullum da safe, ki haɗa da zamzam.

Hajiya Babba, Makka: 'Yata, kada ki dakata. Ni shekaru aka yi ana kai ni ruƙiya wai iska ce, dangin miji na cewa lalaci ne. Fuskata ta kumbura har ɗankunne ya nutse, murya ta dishe, ina zaune kan darduma barci zai kwashe ni. Ciki biyu na rasa. Da aka gwada a wani mustausaf (ƙaramin asibiti), TSH ya haura 40. Likitan farko ko taɓa wuyana bai yi ba, ya ce ƙiba ce, in rage shinkafa. Na bar shi da Allah.

Maman Hanan: Allah sarki Hajiya, Allah ya sa kaffara ne.

Zuwaira: Nawa kuka yi gwajin? Ni riyal 150 aka karɓa.

Ummu Faisal: An cuce ki, 60 na biya.

Zuwaira: TSH kaɗai kenan, nawa har da T4.

Anti Nas, Madina: Lambar Hajiya daban, taki daban. Amma tunda ciki kike nema, koma ki faɗa wa likitar, don mai juna biyu buƙatarta ta sinadarin gudda na ƙaruwa. In kin fara, ciki wayam ake sha da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa kafin shayi. Maganin ƙarin jini da kalsiyom a ba su tazarar awa 4. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji. Habbatus sauda ba ta maye gurbinsa.

Ummu Faisal: To likita! Maganin Annabi kike rainawa?

Anti Nas: Ban raina ba yaya, cewa na yi a haɗa da asibiti.

Baban Walid: A gwada min yarona ma, ƙarfe 11 yake tashi 😂

Hajiya Babba: Wannan waya ce, ba gudda ba.

Zuwaira: Ku da kuke da ta'amin (inshorar lafiya) kenan. Ni iƙamata (takardar izinin zama) ta ƙare, kafili, wanda nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya ƙi ɗaga waya, komai da kuɗina nake yi. Maganin ma tsallake rana nake don ya kai ni ƙarshen wata.

Anti Nas: Haba Zuwaira, kada ki sake tsallakewa, yi min magana ta gefe.

Baban Walid: Nawa kafilin ma tun Rajab yake cewa bukra (gobe) insha Allah. Naki nawa ya nema?