Tashar mawaƙi guda a SiriusXM, ta ci kuɗinta kuwa?

Jiya mun daɗe muna muhawara da ƴan uwa direbobi nan Amurka a kan tashoshin SiriusXM, wato rediyon tauraron ɗan adam da ake biya duk wata, waɗanda ba sa saka kowa sai mawaƙi ɗaya dare da rana. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify na nan, amma yawanci sun ce ba ɗaya ba ne. Elvis Radio, tashar mawaƙi Elvis Presley, tun 2004 take watsa shiri daga Graceland, gidansa da ke birnin Memphis, The Beatles Channel kuma, ta ƙungiyar mawaƙa The Beatles, 2017 aka buɗe ta, kuma abin da ke riƙe mutum ba fitattun waƙoƙin ba ne, a'a, rikodin ɗin wasannin kai tsaye ne da tsofaffin hirarraki da mai gabatarwa da ya san labarin kowace waƙa, wallahi ni ma nan ne ya kama ni, sai ka ji kamar kana zaune cikin tarihin mutumin.

Shawarar da aka fi maimaitawa, kar ka biya kuɗin wata saboda tasha ɗaya tak, fara da lokacin gwaji na kyauta da ake bayarwa in ka sayi mota, ka saurara sati biyu ka gani ko maimaici zai gundure ka. Masu doguwar tafiya sun ce tauraron ɗan adam ya fi musu saboda ko inda netwok ɗin waya ya ɗauke rediyon na kamawa. Sannan ka lura, wasu tashoshin na ɗan lokaci ne, suna zuwa su wuce.