Ƙaramin garke daga kaka zuwa faɗuwar ruwa: shawarwarin 'yan zaure

Malamin makaranta mai ritaya, Gezawa:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina da shanu takwas, dukansu Bunaji: mata biyar, bijimi ɗaya da maruƙa biyu, tare da gona madaidaiciya da nake noma dawa, gero da wake a cikinta. Da damina sukan yi kyau har maƙwabta su yaba, amma da zarar an shiga watan Maris sai su fara zubewa, nono ya ƙafe, har bara ta kai ga sai da itace muke tayar da ɗaya daga cikinsu. Yanzu da muke cikin kaka, ina neman shawararku kan abin da ya kamata in yi a kowane lokaci na shekara domin kada hakan ya maimaitu.

Tsohon makiyayi, Dambatta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ramar da ka gani a Maris tun a kaka aka shuka ta, don haka ka yi tambayar a kan kari. Kafin komai ka zauna ka yi lissafin baki da abinci. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kimanin kilo shida a rana, kuma daga Nuwamba zuwa lokacin da sabuwar ciyawa za ta kai ta ƙosar da dabba akwai wata bakwai, wato saniya ɗaya za ta ci fiye da tan guda. Manyan shanunka shida ke nan za su buƙaci fiye da tan bakwai, ban da maruƙa. Wani ɓangare za su samu a kiwo cikin gonakin da aka girbe, amma wannan yakan ƙare tun kafin ɗari ya wuce. Idan abin da ka tara bai kai ba, ko dai ka sayi ƙari yanzu da harawa take da araha, ko ka rage baki. Karan dawa kada ka bar shi tsaye a gona rana da gara su cinye shi. Ka sare, ka ɗaure, ka jingine a kan dandamali, kuma ka daddatsa shi kafin ka zuba musu, domin idan ka ba su dogo ganyen kawai za su tsince su tattake sauran. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa a ƙarƙashin rumfa za ka ajiye su. Wadda ake ɗorawa a kan rufin ɗaki ko a bisa itace rana takan ƙone ta, ganyen ya kakkaɓe, alhali a ganyen amfanin yake.

Dillalin shanu, Wudil:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma ni a kan rage baki zan tsaya, domin a kara, wato kasuwar shanu, nake ganin sakamakon ƙin yin haka kowace Juma'a. A watan Afrilu da Mayu mutane kan kawo mana shanun da haƙarƙarinsu ake ƙirgawa daga nesa, a daidai lokacin da dusa da hatsi suka yi tsada, sai mutum ya sayar da saniya a wulaƙance don ya ciyar da sauran. Da a Nuwamba ko Disamba ya kawo ta, tana da nama a jikinta kuma ana lodin motoci zuwa Kudu saboda bukukuwan ƙarshen shekara, da ya samu kuɗin da zai cika rumbun abinci. Malam, ka duba cikin matan nan biyar, duk wadda haƙoranta suka cinye, ko ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba, ita ce za ta fita. Ina kuma ganin bijimi guda a kan mata biyar nauyi ne, domin ya fi kowace saniya ci, aikinsa kuwa na 'yan kwanaki ne a shekara. Da ni ne sai in ɗaure shi a turke wata uku zuwa huɗu kafin Babbar Sallah, wadda a shekarun nan take faɗowa a ƙarshen bazara, in sayar, in riƙa aron na maƙwabta.

Likitan dabbobi, Zariya:
Alhaji, na yarda da kai a kan tsohuwar saniya, amma a kan aron bijimi ina da ja. Bijimin da ke zagaya garkuna daban-daban, da cuɗanyar da aron ke jawowa, hanya ce ta shigo da bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari a ƙarshen ciki, kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa mahaifa da hannu. Idan Malam zai iya ciyar da nasa, ya riƙe shi, sai dai ya canza shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, don kada ya hau su. Riƙe bijimi yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato kai ne za ka zaɓi lokacin haihuwa. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki. Wadda ta ɗauka a Yuni za ta haihu a Maris, cikin tsananin yunwa da zafi, kuma ina kyautata zaton irinta ce wadda aka tayar da itace. Wadda ta ɗauka a Satumba kuwa za ta haihu a Yuni, ta shayar da ɗanta a kan ɗanyar ciyawa. Saboda haka ka ware bijimin a farkon damina, ka sake shi cikinsu daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba.

A kan rigakafi, allurar ciwon huhu ta kowace shekara ce, kuma an fi yin ta da rani, lokacin da shanu ke haɗuwa a mashaya. Ta cutar harbin daji da ta ciwon saifa a yi su kafin ruwa ya sauka. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa waɗannan allurai, amma ka bi ta hannun ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukumarku, domin allurar da ta sha zafi a hanya ba ta da sauran amfani. Maganin tsutsar ciki a ba su a farkon damina da kuma ƙarshenta. Idan da rani suna kiwo a fadama, ka nemi maganin da ke kashe tsutsar hanta, wadda ake ɗauka a wuraren da katantanwa take, domin maganin tsutsa na ivermectin shi kaɗai ba ya kashe ta. Maganin tsutsa na albendazole kuma ba a ba saniyar da ke farkon ciki.

Mai sayar da nono, Ɓagwai:
Malam, ni maganar maruƙa zan yi, domin su ne garkenka na gobe. Maraƙi ya sha dakashi sosai a sa'o'in farko na haihuwarsa, kada a tatse a zubar kamar yadda wasu ke yi. Da bazara, idan nono ya ragu, mu mata mukan so mu cika ƙwarya saboda a lokacin kindirmo yake da daraja, amma abin da aka ƙwace wa maraƙi a wannan wata biyu yakan bi shi har girmansa, karsanar ta makara ba ta ɗauki cikin fari ba. Idan abinci ya yi ƙaranci, a bar wa maraƙi nonon gaba ɗaya. Sannan kada ka raba harawa da dusa daidai wa daida. Mai shayarwa da mai tsohon ciki su ne a gaba, a ɗaure su daban su ci nasu, in ba haka ba bijimi da ƙarfafan mata za su ture su daga komi. Likita ya ambaci bakkale, to duk nonon da za a sha a gida a tafasa shi tukuna.

Manomi mai kiwo, Matamaye, jihar Damagaram:
Ina gaishe da 'yan'uwa na Najeriya. A wajenmu ruwan sama bai kai naku ba, rani kuma ya fi tsawo, don haka abin da ke riƙe mana shanu a bazara shi ne gawo. Itacen yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana ba, da rani kuma ya yi ganye ya zubo da 'ya'ya masu gina jiki, waɗanda muke tsincewa mu cika buhuna, har a kasuwa ana sayar da su. Malam, duk ɗan gawon da ya tsiro a gonarka ka sassabe masa ka bar shi, kada garma ta taɓa shi. Ka tanadi kanwa da gishiri su riƙa lasa duk shekara, domin saniyar da ta rasa su ita ce ke cin ƙasa da tsumma da leda, kuma ledar da ta taru a tumbi takan rame dabba ko da abinci na gabanta. Ruwa ma a lissafa shi kamar abinci. Babbar saniya takan sha lita 30 zuwa 40 a ranar zafi, wato garkenka zai shanye fiye da duro guda mai lita 200 kullum. Idan mashayar tana da nisa, tafiyar kanta tana cin naman jikinsu, gara a fita da su da sassafe, su wuni a inuwa, a sake su da la'asar.

Tsohon makiyayi, Dambatta:
Akwai wuraren haɗari biyu da ba a taɓo ba. Na farko yana nan cikin kaka: gyauron dawa, wato sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke kara, yana da guba, kuma saniya mai yunwa idan ta afka masa tana iya faɗuwa nan take. Kada ka sake su cikin gonar dawa sai tohon ya bushe. Na biyu shi ne makonnin farko na damina, lokacin da mutane ke ganin an tsira. Sabuwar ciyawa kusan duk ruwa ce, shanu sukan ƙi busasshen abinci su yi ta bin kore suna zawo, kuma raunana da yawa a nan suke mutuwa. Ka ɓoye harawar mako uku ko huɗu musamman domin wannan lokaci, ka ba su da safe kafin su fita.

Malamin makaranta mai ritaya, Gezawa:
Allah Ya saka muku da alheri, na rubuta duka. Saura damina kanta, domin a wajenmu gonaki sun rufe ko'ina, burtalin ma ya ƙuntata, kuma ba na son abin da zai haɗa ni da maƙwabta. Na kuma ji ana jiƙa kara da takin yuriya don ya ƙara amfani, ko Likita zai yi mana bayani?

Likitan dabbobi, Zariya:
Malam, a irin wurinku ɗaure su da damina a yanko musu ciyawa ya fi kwanciyar hankali, kuma takin da za su tara maka a wuri ɗaya riba ce ga gonar. Sai dai turken ya kasance a kan tudu, a riƙa kwashe kashin, domin tsayuwa cikin caɓi tana ruɓar da kofato. Ka duba kaska kowane mako a ƙarƙashin wutsiya, hantsa, kunnuwa da hammata, domin inda kaska ta yi yawa da damina a nan kirci, cutar fatar shanu, yake samun ƙofa, kuma wadda ta kamu a ware ta. Ka keɓe wani yanki na gonar ka shuka gamba a kan iyaka da waken Kanannado, wanda yake yaɗo ya ba da harawa mai yawa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, tana aiki a kan irin ciyawar kiwo, ana iya neman shawararsu. Ciyawar da za a busar a yanke ta kafin ta yi fure, wajen Satumba, domin wadda ta tsufa a tsaye ba ta fi kara ba.

Batun yuriya gaskiya ne. Ana narkar da kilo huɗu zuwa biyar a ruwa, a yayyafa wa kilo ɗari na daddatsen kara ko bambaron shinkafa, a danne a rami, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba har mako uku, sannan a buɗe ya sha iska kafin a fara ba su kaɗan-kaɗan. Amma yuriyar da dabba ta lasa tsurarta ko ta sha ruwanta tana kisa cikin ɗan lokaci, kuma ba a ba ƙananan maruƙa wannan abinci. Karon farko ka kira malamin gona ya auna tare da kai. Idan ba ka samu ba, kilo ɗaya na dusa gauraye da ɗan ƙulin auduga ga kowace mai shayarwa a rana, tare da dami ƙarami na harawa a kan karanta, zai riƙe ta daga Fabrairu har ciyawa ta yi ƙwari.