Masu jan tirela a ƙasashen ƙanƙara, don Allah ya aikin yake lokacin sanyi?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni direban tirela ne a nan Gombe, siminti nake ɗauka daga Ashaka, wata rana Yola wata rana Jos har Abuja. To wani ejan ne ya taso ni a gaba wai akwai aikin jan babbar mota a Kanada, in kawo kuɗi ya yi min hanya, har na fara tunanin sai da filina na wajen Tumfure. Abin da ke tsaya min a rai shi ne sanyin nan da ake ta faɗa, don ni iyakacin sanyin da na sani shi ne na Jos in kwana ya kama mu a Mararrabar Jama'a cikin Janairu, shi ma sai na haɗa rigar sanyi da bargo da safa. Wanda ya san aikin can ya faɗa min tsakani da Allah, mota na tafiya kuwa a kan ƙanƙarar nan? Ina direba ke kwana? Lasisina na nan zai yi aiki?

Bauchi Winnipeg:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni ɗan Bauchi ne kuma sana'ar da nake yi ke nan, daga Winnipeg nake lodi. Maganar lasisi tukun, naka na gida ba zai hau da kai kan tirela a nan ba, sai ka samu na ƙaramar mota sannan ka shiga makarantar tuƙi ka ci jarrabawar Class 1, a Ontario kuma Class A suke ce masa. Tun hatsarin Humboldt na 2018 da tirela ta yi karo da bas ɗin 'yan wasan hoki mutum 16 suka rasu, larduna da dama suka mai da makarantar dole, kuma ba kyauta ba ce.

Sanyi kam ka cire Jos a lissafi. Jos in ya yi muku-muku ya sauko wajen digiri 10, nan kuwa a Janairu 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne, in hannunka da danshi ka kama ƙarfe ba safa manne maka zai yi. Motar ma wahala take sha, man gas na yin kauri kamar man shanu ya toshe filta ta mutu maka a tsakiyar daji, shi ya sa ake sai da mai na musamman lokacin sanyi kuma akwai maganin da muke zubawa a tanki. In za ka ajiye ta a gareji sai ka jona hitar inji a wuta ta kwana da ɗumi. Tankin iska ma dole ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ciki, in ya daskare a cikin tiyo burki ya tafi hutu. Wani lokaci da asuba ka saka giya ka ji tayoyin baya sun ƙi juyawa, burkin ne ya manne, sai ka kwanta ƙarƙashin bodi da guduma kana bubbugawa har ya saki, kuma fa kai ne direba kai ne yaron mota, ba wanda za ka ƙwala wa kira ya miƙo maka sifana.

Amma abin da ya fi ba mu tsoro ba dusar da kake gani fara a hoto ba ce, wannan ana share ta a watsa gishiri. Akwai wata siririyar ƙanƙara da ke kwanciya a kan kwalta, ka rantse titin jiƙewa kawai ya yi. Yadda muke gane ta, ka duba tayar motar gabanka, in titi na sheƙi amma taya ba ta feso ruwa to santsi ne, kuma gada ce ke fara daskarewa kafin sauran titi. A nan in ka danna burki da ƙarfi bodin ne zai zagayo ya naɗe da kan mota. Ba a amfani da burkin inji ma a irin wurin, sauke ƙafa kake a hankali ka bar tazara mai nisa. In lodi ya kai ka duwatsun British Columbia, daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu doka ce ka riƙe sarƙar taya, kai za ka tsaya gefen hanya ka ɗaura ta da hannunka iska na dukan fuskarka.

Kwana a cikin mota ne, akwai gado a baya da 'yar hita. Awa 13 ne iyakar tuƙi a rana kuma na'ura ce ke lissafawa, ba zancen bari in ƙarasa Akwanga tukun. Yawanci da mil ake biyan mu, to in an rufe hanya kana zaune ne kawai ba abin da ke shigowa. Babu mai shayi babu mai tsire, tuwona da miyar kuka daga gida nake ƙullowa a roba. A Disamba wajen huɗu da rabi magariba ta yi.

Baba Mai Daf:
Yarona ka ji dai daga bakin mai ita. Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar Turawa ba, amma kar ku raina namu hunturun, shi ma yana cin rai. In hazo ya sauko tsakanin Alkaleri da gadar Dindima sai ka zo dab da mota kafin ka gan ta, ga masu ƙona daji hayaƙi ya tsallako titi, ga shanu, ga motar da ta lalace an bar ta a kan kwalta ba alamar komai sai ɗan ganye da aka karyo aka jera, rabinsa ma iska ta kwashe. Yaran yanzu sai su kunna dogon haske cikin hazo, alhali hasken dawo maka yake a ido, ƙaramar fitila ake sawa a rage wuta. Filtar iska kuwa ka riƙa kaɗe ta, ƙurar nan shaƙe inji take. Kuma ina roƙonku da girman Allah ku daina shigar da kaskon gawayi cikin kan mota ku rufe gilas wai jin ɗumi, hayaƙinsa ba ya wari, barci mutum zai yi ya zarce. Wanda bai iya saukar Hawan Kibo da giya ba, burki yake ta dannawa har ya yi zafi, me zai je ya yi a kan santsi?

Maman Hanifa:
Ni ba direba ba ce, matar direba ce. Malam don Allah kar ka sai da filin nan. A dokar Kanada kamfanin da zai ɗauki baƙo aiki shi ke biyan kuɗin takardar LMIA, wato takardar da ke ba kamfani damar ɗauko ma'aikaci daga waje, kuma an hana shi karɓa a hannun ma'aikaci, duk wanda ya ce ka sayi aikin to ka yi taka-tsantsan. Ka kuma yi shawara da uwargida, don ita za a bari da yara.

Ɗan Bolari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na ji, gawayin nan kam har yarana na yi, gobe zan tsawatar. Hajiya uwargida ma bakinku ɗaya. Oga na Winnipeg, ya ake alwala da salla a wannan sanyi? Kuma ejan ya ce kamfanin zai ba ni lasisi da na sauka.

Bauchi Winnipeg:
Kamfani ba ya ba da lasisi, gwamnatin lardi ce ke bayarwa bayan ka ci jarrabawa, wannan maganar kaɗai ta isa ka sa masa ayar tambaya. Ka ce ya ba ka sunan kamfanin da takardar ɗaukar aiki a rubuce, ka turo min ta inbos in duba ko akwai su ma. Alwala a banɗakin tashar manyan motoci nake yi akwai ruwan zafi, in saka huffi da safe in yi ta shafa, salla kuma tsakanin kujera da gado, in kana da tsayi sai ka ɗan sunkuyar da kai.