Shawarwari Daga Zaman Tattaunawa a Daura Kan Abubuwan Al'ajabi

Wasu malaman makaranta da dattawa sun zauna a Daura suna tattauna dalilin da ya sa abin da ke ɓoye yake jan hankalin ɗan Adam, kuma ba a jima ba hira ta koma kan rijiyar Kusugu. Kowane yaro a garin ya san labarin macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya zo ya kashe shi a zamanin Daurama. Shawarar da ta fi cin lokaci ita ce a riƙa gaya wa yara a fili cewa wannan tarihin baka ne, ba don a rage masa daraja ba, sai don su saba da bambanta abin da aka gada daga bakin kakanni da abin da aka tono aka gani, kamar kushewun Durɓi-ta-Kusheyi kusa da Katsina, waɗanda Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, ya fara haƙawa a 1907. A ganina nan ne zaman ya fi amfani.

Dattawan sun gargaɗi matasa kada kwaɗayin dukiya ya kai su tona kufai, domin tukunyar da aka fasa ba ta sake ba da labari. Wani malami ya tunatar cewa sanin gaibu sai Allah, saboda haka kada son sani ya kai mutum ƙofar boka. An kuma buƙaci ɗalibai su naɗi muryoyin tsofaffin unguwarsu da waya, su rubuta sunan mai ba da labari da ranar da aka naɗa.