Tacewa biyu a fim ɗaya: ina neman kalma

Salamu alaikum malaman Hausa da 'yan fim. Ga wata matsala da na kwaso daga aji.

Makon jiya na kai wa ɗalibaina na babbar sakandare wani labarin jarida a kan ɗaliban jami'a da suka shirya gajeren fim da wayar hannu. Muna bin sa sakin layi bayan sakin layi, ina tsayawa ina yi musu tambaya. Da muka iso inda aka ce ɗaliban ne suka tace fim ɗin da kansu, sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, ashe ɗalibi ma yana da ikon tace fim? Ba aikin hukuma ba ne?"

Ba ta yi kuskure ba. Tun 2001 Kano take da Hukumar Tace Fina-finai, ita yaran suka taso suna ji. A ƙarshen fim kuma "tacewa" ake rubutawa kusa da sunan mai editin, wato mai yanka hotunan fim ya jera su. Kalma ɗaya tana ɗauke da aiki biyu.

A wajen hukuma kalmar ta zauna daram: kamar tace gasara ne, ruwa ya wuce, dusa ta tsaya. Amma mai editin ba cirewa kawai yake yi ba. Fiye da shekara 100 da suka wuce, Lev Kuleshov, malami a makarantar fim ta Mosko da aka buɗe a 1919, ya ɗauki hoton fuskar mutum ɗaya, ya jera ta da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so, alhali fuskar ba ta canza ba. Jerin ne ya haifi ma'anar. Wace rariya ce take yin haka?

Wani abokin aikina ya ce "harhaɗawa". Tana da kyau, sai dai ta bar yankan a baya. "Gyara" kuwa sai a ɗauka abin lalacewa ya yi.

Ni "ɗinkin hoto" nake so, mai aikin kuma "maɗinkin hoto". Tela yana auna yadi, ya yanka, ya ajiye ƙyalle, ya haɗa hannu da jiki har riga ta fito. Kafin kwamfuta ma haka ake yi, a yanka faifan a manne shi da wani. Na guje wa "ɗinkin fim" don kada a ce kayan 'yan wasa ake nufi.

Na gwada ta a ajin. Wani yaro ya ce: "To Malam, idan labari ya yi tsalle, sai mu ce ɗinkin ya warware?" Na ce ƙwarai kuwa.

Ku da kuke kwana gaban kwamfuta kuna wannan aiki, za ku yarda a kira ku maɗinka?